Batirin Keken Lantarki: Ku Auna Su Ɗaya Bayan Ɗaya Kafin Ku Zubar

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Gaisuwa ta musamman ga mutanen gida, Gombe, tun daga Jekadafari har Tunfure. Ina magana da ku ne daga lardin Zhejiang a ƙasar Sin. A wannan lardin ne garin Changxing yake, inda kamfanonin Tianneng da Chilwee suke da mazauni, kuma su ne manyan masu ƙera batirin dalma na kekunan lantarki a ƙasar nan.

Wani bawan Allah daga Pantami ya turo mini saƙo. Ya ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ajiye mashin, ya haɗa wa kekensa batira huɗu da hannunsa, yana zuwa kasuwa yana dawowa lafiya lau. Yanzu kuwa caja tana nuna kore, alamar ya cika, amma ko Bolari bai kai ba keken ya mutu. Wai an ba shi shawara ya zubar da su duka. Malam, dakata tukuna, kada ka zubar.

Ku matso ku ga teburin nan. Batira huɗu ne, kowanne volt 12, kuma ga lambar a jikinsu, 6-DZF-20. Wannan 6 ɗin ɗakuna shida ne a ciki, kowane ɗaki volt 2, shi kuma 20 ɗin yawan cajin da yake iya riƙewa ne. Ana jera su ne jan kan wannan zuwa baƙin kan na gaba, a haka har a ƙare, sai a samu volt 48. To a irin wannan jeri wuta hanya ɗaya take bi ta ratsa su duka. Kamar shanun huɗa ne: in ɗaya ya durƙusa, garma ta tsaya ko da ɗayan ƙato ne.

Bari in ɗora mitar auna volt a kan kowanne. Na farko 12.8, na biyu 12.8, na uku 12.7, na huɗu 12.6. Wanda ya ga haka zai ce ai lafiyarsu ƙalau. A nan ne ake yaudaruwa, domin batirin da yake zaune ba ya aiki ba ya nuna cutarsa. Sai an ɗora masa kaya.

Ga kayan, kwan fitilar mota ne mai watt 55, wanda kowane mai gyaran wutar mota yake da shi. Na maƙala shi a kan na farko, mita tana nan a haɗe. Kun gani, ya sauko 12.3 ya tsaya cak, haske fes. Na biyu da na uku ma haka. Yanzu ga na huɗu. Ku dubi lambar yadda take zubewa: 11.8, 11.2, ga 10.6, kwan har ya fara yin ja. Wannan shi ne mai laifin. Kwanturolar keken volt 48, wato akwatin da ke sarrafa wutar da ke juya keken, takan yanke wuta in jimillar ta sauko wajen 42, don haka da ka murɗa totur a hawa, wannan ɗayan zai ja sauran ƙasa, keke ya tsaya alhali ukun suna da sauran ƙarfi.

Me ya kashe shi? Galibi barin batir babu caji ne. In ya kwana a sauke, wani farin gishiri yakan kama farantan dalmar da ke ciki, in ya daɗe sai ya daskare, caji ba ya iya narkar da shi. Na san yadda wuta take a gida, amma duk lokacin da aka kawo ta, a jona, kada a jira sai keke ya mutu murus.

Sai zafi, kuma wannan shi ya fi damuna da ku mutanen Gombe. Batirin nan ya fi jin daɗin zafi digiri 25. Abin da masu sana'ar suka sani shi ne, duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana cinye kusan rabin rayuwarsa. To ku tuna watan Maris da Afrilu a garinmu, zafi yana kai 40, ga keke a rana tun hantsi, mutum ya dawo da azahar ya jona caja nan take a ɗaki mai rufin kwano. Ruwan ciki zai bushe, batir ya ƙara zafi, ya ƙara jan wuta, har ka ga cikinsa ya kumbura. Wanda ya kumbura ya gama yawo, babu gyara. A bar shi ya huce a inuwa kafin caji, a wurin da iska take shiga, nesa da harshen wuta, domin yana fitar da iskar da take kamawa da wuta. A auna bakin cajar ma: ta volt 48 takan kai wajen 58 zuwa 59, in ya cika ta sauko kusan 55. Wadda ba ta saukowa dafa batir take yi.

Malam na Pantami, in ka gano marar lafiyar, ga gaskiyar magana. In jerin bai daɗe ba, sa masa sabo mai lamba iri ɗaya, amma ka cika kowanne shi kaɗai da cajar volt 12 kafin ka haɗa su. In kuwa sun tsufa, sabo ɗaya a cikin tsofaffi ba zai yi ƙarko ba. Gara ka canza jerin gaba ɗaya, ukun nan masu rai ka mai da su kan fitila da fanka a gida. Kada ka sa batirin tada mota, ba a yi shi don a riƙa sauke shi kullum ba. Ka sa fiyus kusa da jan kai, ka naɗe sifana da salatif kafin ka ɗaure noti, domin in ta haɗa kawuna biyu za ta yi jajur a hannunka.

Don Allah mataccen kuma kada a fasa shi a tsakar gida don a ciro dalma. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara kusan 400 suka rasu. Can daga dutsen zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. A kai shi a rufe wurin masu sayen tsohon batir.

Ka auna naka huɗun da kwan fitila, ka turo mini lambobin da mita ta nuna, mu duba tare. Sai mun haɗu, a gaishe mini da mutanen gida.