Ruwan famfo a Nijar: daga hannun Veolia zuwa hannun gwamnati

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan ruwan famfo ne a biranen Jamhuriyar Nijar.

A ranar 31 ga Disambar 2023 wa'adin kwangilar kamfanin SEEN, wanda ke raba ruwan famfo a biranen ƙasar, ya cika, ba a kuma sabunta ta ba. Tun farkon 2024 kamfanin gwamnati mai suna NDE ne ke raba ruwa a Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da sauran garuruwa. Mutane da yawa sun yi murna, domin kashi 51 cikin ɗari na hannun jarin SEEN na kamfanin Veolia ne na Faransa, kuma abin ya zo daidai lokacin da dangantaka da Faransa ta yi tsami bayan juyin mulkin Yulin 2023. Murnar tana da dalili. Sai dai kafin a yi guɗa, ya kamata a san abin da SEEN ke riƙe da shi tun asali.

A 2001, da goyon bayan Bankin Duniya, aka rushe tsohon kamfanin ruwa na ƙasa, aka raba aikinsa gida biyu. SPEN, wanda na gwamnati ne gaba ɗaya, shi ke da matatun ruwa da tankuna da manyan bututu, shi ke cin bashi ya gina sababbi. SEEN haya ya ɗauka: ya tace ruwa, ya tura, ya gyara inda ya fashe, ya karanta mita, ya karɓi kuɗi, ya cire rabonsa. Farashin ruwa kuwa gwamnati ke yanke shi. Senegal ta riga Nijar bin wannan tsari tun 1996.

To a nan gizo ke saƙar. Ɗan haya yana da riba a kan kowace mita da ke juyawa, saboda haka zai kula da toshe yoyo da bin bashi, kuma a wannan fanni masu nazarin harkar ruwa sun daɗe suna sanya Nijar cikin ƙasashen da suka yi abin kirki a Afirka. An kuma ja ruwa zuwa gidajen talakawa da yawa a farashi mai rangwame, da kuɗin masu ba da lamuni. Amma kai bututu sabuwar unguwa a bakin gari, ko ƙara girman matatun Gudel da Yantala da ke ɗebo wa Yamai ruwa daga kogin Kwara, wannan nauyin SPEN ne da baitulmali, jiya da yau. Mutanen Damagaram, garin da ke zaune a kan dutse, ana janyo masa ruwa daga rijiyoyi masu nisa, sun san cewa ƙishirwarsu ta girmi SEEN. Canjin suna a kan takardar biyan kuɗi bai haƙa musu rijiya ko ɗaya ba.

Akwai kuma wanda ba a cika ambata ba a wannan muhawara, wato ɗan garuwa. A unguwannin da bututu bai kai ba, shi ne kamfanin ruwa mai zaman kansa na ainihi, da kurarsa da jarkokinsa. Ba laifinsa ba ne, guminsa yake ci. Amma lissafin yana da ciwo: mai famfo a tsakar gida yana samun ruwan farko na wata a farashin rangwame, ita kuwa matar da ke sayen jarka tana biyan ninkin-ba-ninkin a kan lita guda. Rangwamen da aka yi domin talaka, mai hali ne ke morarsa.

Wasu ƙasashen sun riga sun bi wannan hanya. Tanzaniya ta kori kamfanin City Water daga Darussalam a 2005, shekara biyu kacal da ba shi aiki. Ghana ta bar kwangilar Aqua Vitens Rand ta ƙare a 2011 ba ta sabunta ba. A duka biyun, ƙarancin ruwa bai bi kamfanin ya tafi ba.

Yanzu da mai kaya da mai haya duk gwamnati ce, babu sauran bature da za a nuna wa yatsa. Haɗarin da na fi jin tsoro shi ne na gida: a ƙasashe da dama ma'aikatun gwamnati ne kan gaba wajen ƙin biyan kuɗin ruwa, kuma da wuya kamfanin gwamnati ya iya yanke wa barikin soja ko fadar minista famfo. Ga kuma lantarki. Injin tura ruwa ba ya aiki sai da wuta, kuma an ga yadda ƙasar ta shiga duhu lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar lantarki a Agustan 2023.

Saboda haka ga abin da muke nema daga NDE da SPEN. Su riƙa sanar da jama'a, unguwa-unguwa, awa nawa ruwa ya zo a wata, gidaje nawa aka ja wa famfo, da kuma bashin da suke bin kowace ma'aikata, da sunanta.

Sai kuma wani jiƙon, a huta lafiya.