Lacca Kan Zaɓen Baƙin Mai da Taruwar Kabon a Injin Mai Fesa Fetur Kai Tsaye

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa makanikai da masu motoci, ina godiya da halartarku. Maganarmu ta yau a kan injin da ake kira GDI ce, wato wanda injekta ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, da irin baƙin man da ya dace da shi.

Dabarar ba sabuwa ba ce, domin Mercedes 300SL ta shekarar 1954 da ita ta fito, amma sai a 1996 da kamfanin Mitsubishi ya sa ta a Galant ta fara shiga motocin gama-gari. Yau kuna ganinta da sunaye iri-iri: TSI a Volkswagen, TFSI a Audi, EcoBoost a Ford. Amfaninta a fili yake, ƙarfi ya ƙaru, shan mai ya ragu. Sai dai ta zo da wata matsala da tsohon injin bai san ta sosai ba.

A tsohon tsari, injekta tana bayan bawul ɗin shigar iska, saboda haka duk feshin da ta yi sai ya bi ta kan bawul ɗin ya wanke shi, da taimakon sinadaran wanki da ke cikin fetur. A sabon tsari kuwa fetur ba ya taɓa bayan bawul ko kaɗan. Abin da ke wucewa ta nan iska ce, kuma iskar ba tsantsa ba ce, domin akwai bututun da ake kira PCV wanda ke kwaso tururin baƙin mai da hayaƙin da ya kufce wa ringi daga cikin injin ya mayar da su hanyar iska don a ƙone su. Ga ɗan man da ke tsiyayowa ta robar sandar bawul, ga kuma hayaƙin salansa da wasu injuna ke mayarwa ta EGR. Waɗannan duka suna sauka a kan ƙarfe mai zafi, su dahu, su daskare, kamar yadda kunkunniya ke taruwa a gindin tukunya, har hanyar iska ta ƙuntata. Alamominsa kun san su: injin yana rawa a sulo, yana tsallake wuta da safe kafin ya yi zafi, ƙarfi ya ragu, fitilar injin ta kama.

To, ina baƙin mai ya shigo? Tunda tururinsa ne babban abin da ke daskarewa, man da ba ya saurin ƙafewa ya fi wanda ke ƙafewa. Akwai gwajin da ake kira Noack, inda ake dafa mai a zafin digiri 250 na ma'aunin Celsius na tsawon awa ɗaya a auna nawa ya tashi. Ma'aunin API na Amurka ya yarda da asarar da ba ta wuce kashi 15 cikin ɗari ba, yayin da dexos1 na kamfanin General Motors ya matse ta zuwa kashi 13, daga baya ya ƙara matsewa. Ba kowane kamfani ke rubuta wannan adadi a jikin galan ba, amma sau da yawa ana samunsa a takardar bayanan man, kuma man sintetik mai kyau galibi ya fi jure zafi.

Magana ta biyu ta fi wannan hatsari, kuma ina roƙon ku riƙe ta. Ƙananan injunan GDI masu turbo suna fama da abin da ake kira LSPI, wato wuta ta kama a silinda kafin filogi ya ba da tartsatsi, musamman idan an taka totur da ƙarfi alhali injin yana juyawa a hankali cikin babbar giya. Bugu ɗaya irin wannan yana iya fasa fistin. An gano cewa yawan sinadarin kalsiyam a cikin mai yana ƙara haddasa shi, shi ya sa masu haɗa mai suka rage shi suka ƙara magnesiyam. Daga nan aka fitar da sababbin ma'aunan ingancin mai, wato API SN Plus a 2018, sannan API SP da ILSAC GF-6 a watan Mayun 2020, waɗanda suka haɗa har da gwajin cinyewar sarƙar taimin. Don haka wanda ya zuba wa irin wannan injin mai na tsohon rukunin API, wato SL ko SM, ko da sabo ne fil a galan, ya jefa injin cikin hatsari.

Game da kauri, a bi littafin mota kawai. Idan an rubuta 0W-20 ko 5W-30, a zuba shi. Idan motar Turai ce mai neman VW 504 00 ko wani rukunin ACEA, wato ma'aunin mai na Turai, a nemi lambar a jikin galan. Ra'ayin cewa mai kauri irin 20W-50 ya fi kare kowane injin ba ya aiki a nan, domin hanyoyin mai ƙanana ne, kuma na'urar sauya lokacin buɗe bawul da matsin mai take aiki.

Sai lokacin juye. A injin GDI fetur yakan sauka a bangon silinda ya zarce cikin mai, musamman a motar da ke gajerun tafiye-tafiye ba ta yin cikakken zafi. Man yakan tsinke, wani lokaci har ka ja sandar awo ka ji warin fetur, ko ka ga man ya ƙaru maimakon ya ragu. Mota irin wannan, da wadda ke yini a cunkoso ko cikin ƙura, a bi mata jadawalin aiki mai tsanani da ke cikin littafinta, a canja filta tare da mai, kuma kada a cika mai ya wuce alama. Tafiya mai nisa lokaci-lokaci tana taimakawa wajen ƙafar da fetur da ruwan da suka shiga man.

Abin da nake so kowane makanike ya faɗa wa mai mota tsakani da Allah shi ne, baƙin mai nagari yana jinkirta taruwar kabon ne, ba ya cire wanda ya riga ya daskare. Haka ma maganin da ake zubawa a tanki: yana wanke bakin injekta, wannan amfani ne na gaske, amma ba zai kai bayan bawul ba tunda fetur ba ya bi ta wurin. Wasu suna ɗaura ɗan gwangwani a bututun PCV don tare tururin mai. Yana tara mai kam, sai dai yana buƙatar a riƙa zubar da shi, kuma yana iya shafar garantin mota. Idan kabon ya yi yawa, sai an cire manifol, wato bututun da ke raba iska zuwa silindodi, a tabbatar bawul ɗin a rufe yake, a feshe shi da niƙaƙƙen ɓawon gyaɗar walnut, wanda ke kankare dauɗar ba tare da ya ci ƙarfe ba.

Kamfanonin ma sun gane matsalar. Toyota ta haɗa injekta biyu a kowace silinda a tsarinta na D-4S, ɗaya a ciki ɗaya a bayan bawul, Ford ma ta bi wannan hanya a wasu injunanta na baya-bayan nan. Kafin ku yanke wa mota hukuncin buɗe manifol, ku fara tabbatar da wane tsari take da shi, sannan ku zura kyamarar duba ciki ku ga halin da bawul ɗin ke ciki.