Daɓen Kurket: Safiya Ɗaya a Shivaji Park

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya daga Mumbai. Ku yi haƙuri da hayaniyar, nan Shivaji Park ne a unguwar Dadar, ko ƙarfe bakwai ba ta yi ba amma yara sun cika fili. A nan Sachin Tendulkar, shahararren ɗan wasan kurket na Indiya, ya koyi bugu yana yaro, a hannun malaminsa Ramakant Achrekar, shi ya sa iyaye ke tiso ƙeyar 'ya'yansu nan tun da asuba.

To ba yaran na zo nuna muku ba. Bari in juya kyamara. Kun ga dattijon can mai tiyo a hannu? Mali ake ce wa masu irin aikinsa, amma kowa a nan "kaka" yake kiransa, don a yaren Marathi kaka baffa ne. Ranar da na fara ji sai da na dara.

Ɗan tsirin da yake yayyafa wa ruwa, shi ne duk rigimar. Tsawonsa yadi 22, faɗinsa ƙafa 10. Ni daɓe nake ce masa, don aikin ɗaya ne da na tsakar gida: a jiƙa, a danne, a bari ya sha iska, a sake dannewa. Sai dai su da rola suke yi, ga ta can, mutum uku ke turawa. Ku matso ku gani. Jar ƙasa ce, na murza ta a yatsa, ga shi ta zama gari. In ta sha rana kwana biyu uku sai ta fara farfashewa, kamar fadama a tsakiyar rani.

Abin da ya sa ake damuwa da shi, a kurket mai jifa ƙasa yake fara dokawa da ƙwallon, sai ta yi tsalle ta iske mai bugu. In akwai ɗanyar ciyawa, masu jifa da ƙarfi ne ke cin kasuwa, ƙwallo ta tashi har ƙirji. In ƙura ce, masu murza ƙwallo da yatsu ne sarakai, ta faɗi nan ta kauce can. Kuma mai masaukin baƙi ne ke shirya daɓen. Kun ga inda gizo ke saƙar.

Jiya da dare sai da muka raba hali da abokin ɗakina, ɗan Indiya, a kan wannan magana. Na tuna masa wasan Ahmedabad na Fabrairun 2021, Indiya da Ingila. Wasan da aka ware wa kwana biyar, a kwana biyu aka tashi. Ingila ta yi maki 112, zagaye na biyu 81. Har Joe Root na Ingila, wanda sana'arsa bugu ce, jifa sai ta kama, ya fitar da masu bugun Indiya biyar an ci masa maki 8 kacal. Na ce masa wannan ai tarko kuka haƙa wa baƙi.

Bai bari na rufe baki ba ya jefo mini wasan Cape Town, Janairun 2024, da Indiya ta je baƙunci Afirka ta Kudu. Afirka ta Kudu ta ƙare a maki 55 kafin a tafi cin abincin rana, a yini ɗaya aka fitar da 'yan wasa 23, duka wasan jifa 642 ne, ba a taɓa samun wasan Test, wato irin na kwana biyar ɗin nan, da aka yi nasara a cikinsa da gajarta haka ba. Can ciyawa ce da tsalle, ba ƙura ba. Hukumar kurket ta duniya, ICC, ta ce daɓen bai gamsar ba. Rohit Sharma, kyaftin ɗin Indiya a lokacin, cewa ya yi shi bai ƙi wasa a irin wannan fili ba, muddin masu zuwa Indiya za su daina ƙorafi in ƙwallo ta juya. Gaskiya a nan ya ɗaure ni. Me ya sa in ƙwallo ta tashi za ta fasa wa mutum yatsa a ce jarumta ake gwadawa, in ta murɗe a ƙura a ce maguɗi?

Ni dai wanda ya fi ba ni haushi daban ne. Rawalpindi, Maris 2022, Pakistan da Ostireliya. Kwana biyar cur, maki 1,187, mutum 14 kawai aka fitar, aka tashi ba kare bin damo. Daɓen ya mutu murus, mai jifa ya yi ta zufa a banza. Wallahi gara mini na kwana biyu, ko ba komai ba ka isa ka tashi ɗauko shayi ba. Inda nake ja da baya shi ne idan ƙuri'ar kwabon da ake jefawa don zaɓar mai fara bugu ce ke yanke hukunci, wato wanda ya fara bugu ya samu daɓe lafiyayye, na biyu ya tarar da kufai. Ko kuma ƙwallo ɗaya ta bi ƙasa kamar maciji, ta gaba daga wuri ɗaya ta nufi goshi. A nan gwani da ɗan koyo sun zama ɗaya. Amma baƙo ya zo ya tarar da ƙasar da bai saba da ita ba, wannan ai shi ne daɗin tafiya wasa waje.

Na tambayi kaka wane irin daɓe yake shirya wa yaran yau. Ya dubi sama, ya danna ƙasar da babban yatsa, ya yi mini nuni in ɗage ƙafa, ashe ina tsaye a inda ya jiƙa. Ga rolar nan tafe, bari in kauce kafin a daɓe da ni.