Hular Matan Kweka da Suturar Ƙanƙan da Kai

Jama'a masu sauraro, barkanku da zuwa. Maganata a yau ta shafi suturar matan wata ɗariƙar Kirista da ake kira Kweka, wadda George Fox ya assasa a Ingila wajen shekarar 1652. Mabiyanta na farko ba su da wani kaya na daban, domin irin tufafin jama'ar zamaninsu suke sawa, sai dai sun cire leshi da kayan ƙarau da duk abin da suke ganin girman kai ne ke sa a ɗora shi a jiki.

Ba a daɗe ba wannan ƙanƙan da kai ya rikiɗe ya zama doka, dattawa suka fara sa ido a kan launin rigar mace, har ruwan toka ya zama kamar shaidar tsoron Allah. A 1700 Margaret Fell, wadda ta auri Fox, ta rubuta wasiƙa tana da shekara sama da 80, inda ta soki tilasta wa kowa launi ɗaya alhali tsaunuka ma launinsu na sauyawa, kuma a ganina gaskiya ta faɗa, ko da yake ba a saurare ta ba.

Ita hular da aka fi sanin matan da ita, sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 ta bayyana. Ana lulluɓe kwali ko yadi mai ƙarfi da siliki baƙi ko ruwan toka, a yi mata baki mai zurfi wanda ke kare fuska daga gefe, a ɗaure ta a ƙarƙashin haɓa, sannan a cikinta akwai wata farar hula mai shara-shara. Abin lura shi ne, matan attajiran Filadelfiya a Amurka silikin da ya fi tsada suke saya, launin ne kawai ba ya ɗaukar ido. Shi kuwa John Woolman, wani ɗan ɗariƙar daga New Jersey a Amurka, rinin ma ya daina amfani da shi, saboda bayi ne ke noman shuni.

Da irin wannan sutura Elizabeth Fry, wata 'yar ɗariƙar a Ingila, ta fara shiga kurkukun Newgate na Landan a 1813 domin taimakon mata fursunoni da 'ya'yansu. Wajen 1860 babban taron ɗariƙar na Landan ya janye tilascin, daga nan hular ta riƙa ɓacewa sannu a hankali, sai 'yan tsiraru a Amurka da suka ci gaba da riƙe ta.