Git: origin/main ba shi ne abin da ke kan GitHub yanzu ba

To jama'a barkanmu da warhaka. Yau maganar Git za mu yi, manhajar da ke adana tarihin duk gyaran da aka yi wa fayilolin aiki, da kuma GitHub, shafin intanet da ake ajiye aikin don a yi shi tare. Ku kalli allon nan, na buga git status ya ce min reshena, wato layin aikin da nake kai mai suna main, daidai yake da origin/main, wai komai lafiya lau. Alhali abokin aikina ya tura sabon gyara GitHub tun da safe. To ƙarya Git ya yi? A'a, bai yi ba.

Wannan origin/main ɗin da kuke gani a cikin kwamfutarku yake zaune, ba a intanet ba. Labari ne na ƙarshe da Git ya jiyo daga sabar, kamar wanda ya je kasuwa jiya yau yake ta ba mutane farashin jiya. Shi Git ba ya leƙawa da kansa sai ka aike shi. Haka Linus Torvalds ya tsara shi tun 2005, kowa na da cikakken tarihin aikin a na'urarsa, ko babu data ka ci gaba da aikinka. Origin kuma suna ne kawai da Git ke laƙaba wa inda ka kwafo aikin lokacin da ka yi git clone, kana iya canza shi in ka ga dama.

Yanzu bari in buga git fetch. Kun gani? origin/main ya matsa gaba, amma fayilolina ko ɗaya bai taɓa ba, sai in duba da git log main..origin/main in ga me aka ƙara kafin in haɗa da nawa. Shi kuwa git pull abu biyu yake yi a tare, ya ɗauko kuma ya haɗa nan take, shi ya sa wani lokaci kana zaman zamanka sai ka ga rikici ya ɓarke a fayil ɗin da ku biyu kuka taɓa. Ni dai na fi son fetch tukuna, gaskiya.

In ka buɗe sabon reshe, mu ce gyara-fom, karon farko ka tura shi da git push -u origin gyara-fom. Wannan -u ɗin ne ke ƙulla naka da na sabar, daga nan git push kawai ya wadatar. In kuma wani ne ya buɗe reshen, ka yi fetch sannan git switch da sunan reshen, shi kenan. Amma fa switch sai Git 2.23 zuwa sama, a tsofaffin Git sai git checkout.

Idan aka ƙi karɓar turawarka don wani ya riga ka, don Allah kar ka yi saurin sa --force, aikin mutane za ka share. Ɗauko nasu, haɗa, sannan ka tura. In ya zama dole to --force-with-lease, shi zai ƙi tafiya in reshen ya canza tun ganinka na ƙarshe.

Rassan da aka riga aka goge a GitHub kuma suna nan maƙale a jerin rassan sabar da git branch -r ke nuna maka, git fetch --prune ne zai kwashe su.