“Lokaci Ya Yi Kusa”: Kusa ga Wa?

(An rubuto wannan lacca daga naɗin muryar wani malamin Littafi Mai Tsarki, a taron bita na masu wa'azi.)

Iyayenmu fastoci, dattawan ikkilisiya, zumuntar mata, matasa, salama a gare ku. Kowa ya buɗe Matiyu sura 24, ya sa yatsa a aya ta 34, ɗaya yatsan kuma a aya ta 36.

A ta 34 Yesu ya ce mutanen wannan zamani ba za su shuɗe ba sai duk waɗannan abubuwa sun faru. A ta 36 kuma ya ce ranar nan da sa'ar nan ba wanda ya sani, ko mala'iku, sai Uba kaɗai. Aya ɗaya ce tak a tsakaninsu. Ga abin da aka sa wa iyaka, ga abin da aka ɓoye lokacinsa. Mu kuwa masu wa'azi mun saba juya su. Inda aka ce “kusa” ko “wannan zamani”, sai mu ja kalmar kamar danƙo har ta kai shekara dubu biyu. Inda aka ce ba wanda ya sani, sai mu ɗauko biro mu hau lissafi.

Me ya ta da maganar tun farko? Almajirai ne suka nuna wa Yesu gine-ginen Haikali, shi kuma ya ce ba dutsen da za a bari a kan ɗan'uwansa. Suka tambaya, yaushe? Luka 21:20 ya ƙara fito da ita fili: in kun ga sojoji sun kewaye Urushalima, ku sani rushewarta ta yi kusa, waɗanda ke Yahudiya su gudu kan duwatsu. A shekara ta 70, wajen shekara 40 bayan wannan magana, Titus ɗan Sarki Basbasiyan ya ci birnin da rundunar Roma, aka ƙone Haikali. Masanin tarihin ikkilisiya Yusibiyus ya rubuta cewa masu bi sun riga sun fice zuwa Fella, a hayin Urdun. Ashe sun ɗauki maganar a yadda aka faɗe ta. Kuma a Matiyu sura 23 aya 36, da Yesu ya ce “wannan zamani”, ba mai shakka cewa da mutanen da ke tsaye a gabansa yake. Don me kalmar za ta sake ma'ana a sura ta gaba?

Ku dubi abin da ya faru da aka sake mata ma'anar. A Amurka wasu suka ce itacen ɓaure na Matiyu 24:32 ƙasar Isra'ila ce da aka kafa a 1948, zamani ɗaya kuma shekara 40 ne, don haka 1988 ce ƙarshe. Littattafai suka yi kasuwa. Amma Luka 21:29 cewa ya yi ɓaure da dukan itatuwa. To sauran itatuwan, waɗanne ƙasashe ne? (Dariya.)

Mu zo kan lambobi, nan ne aka fi yin tuntuɓe. Daniyel 8:14 ya ambaci maraice da safiya 2,300, sannan a tsarkake Wuri Mai Tsarki. Wiliyam Mila, manomi kuma mai wa'azin Baftis a jihar Niyok, ya ɗauki kowace rana a matsayin shekara, yana dogara da Littafin Ƙidaya 14:34 da Ezekiyel 4:6. Ya soma ƙirge daga 457 kafin haihuwar Almasihu, ya sauka a wajen 1843. Da shekarar ta wuce, mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba, 1844. Wasu suka bar amfanin gona ba girbi. Gari ya waye ranar 23 kamar kullum. Mutumin nan ba ɗan damfara ba ne, ya ƙaunaci Littafin, kuma ina girmama shi a kan haka. Sai dai ayoyin nan biyu, kowacce hukunci ne takamaimai a kan Isra'ila, ba a ba da su a matsayin mabuɗin kowane annabci ba. Ga shi kuma a Daniyel 8, inda annabin ya ga rago da bunsuru a wahayi, surar da kanta ta ce ragon sarakunan Mediya da Farisa ne, bunsurun kuma sarkin Girka. Shi ya sa masana da yawa ke ganin Antiyokus na Huɗu ake nufi, sarkin Suriya daga zuriyar Girkawa, wanda ya ƙazantar da Haikali a 167 kafin Almasihu, aka kuma tsarkake shi a 164.

Ba a daddara ba. Harol Kamfin na gidan rediyon Family Radio ya sa 21 ga Mayu, 2011, da ta wuce ya matsar zuwa 21 ga Oktoba. A Koriya ta Kudu an sa 28 ga Oktoba, 1992. A Kanungu ta Yuganda kuwa, a Maris na 2000, ɗaruruwan mutane suka mutu a hannun wata ƙungiya da ta sa ranar ƙarshen duniya. Abin ya wuce wasa.

Wani zai ce, Malam, ai 2 Bitrus 3:8 ta ce rana ɗaya kamar shekara dubu ce a wurin Ubangiji. Gaskiya ne. Amma karanta rabin ayar na biyu: shekara dubu kuma kamar rana ɗaya. In lissafi ne, ya soke kansa. Bitrus Zabura 90:4 yake tunatarwa, yana amsa wa masu ba'a cewa jinkirin haƙuri ne, domin mutane su tuba. Halin Allah yake bayyanawa. Bai ba mu izinin mai da kowace “kusa” ta zama “nesa” ba.

Inda ya fi wuya shi ne Wahayin Yahaya. A 1:3 an ce lokaci ya yi kusa, kuma wasiƙa ce ga ikkilisiyoyi bakwai na gaske a ƙasar da yau ake kira Turkiyya. An ce wa Daniyel ya kulle wahayinsa domin na kwanaki masu nisa ne, an ce wa Yahaya a 22:10 kada ya kulle nasa. Wannan bambanci ba a banza yake ba. Ni a ganina, babban rabon littafin ya shafi tsananin da masu bi suka sha a ƙarƙashin Roma. Amma ban yarda da masu cewa kome ya cika a shekara ta 70 ba. Irenayus, wani bishop na ƙarni na biyu, ya ce an ga wahayin a ƙarshen mulkin Domishiyan, Sarkin Roma, wajen 95, bayan faɗuwar Urushalima ke nan. Matattu kuma ba su tashi ba tukuna, hawaye ba su ƙare ba. Wannan sashe yana ƙarƙashin Matiyu 24:36, wadda ba ta da kalanda.

Na ga Baba Rabaran yana duban agogo. Bayan abinci za mu ɗauki bakwai saba'in na Daniyel 9, don haka kowa ya karanta aya ta 24 zuwa 27 kafin mu dawo, ya kuma rubuto mini daga wace shekara yake ganin ya kamata a soma ƙirgen, da dalilinsa.