Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa fizar gida take fitowa kamar busasshen biredi?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon sun taru a kan fizar gida, shi ya sa muka gayyato malamar koyar da girki. Hajiya, barka da zuwa. Ta farko daga Zariya take, wata baiwar Allah ta ce fizarta tana fitowa da kauri da tauri, sai an sha fama kafin a gutsura. Ina ta kuskure?

Hajiya: Barka kadai, Malam. Yawanci abu biyu ne: ruwa ya yi wa kwaɓin kaɗan, wuta kuma ta yi sanyi. Ga awon da za ta riƙe. Fulawa giram 500, wato kusan kofi huɗu. Ruwa mililita 325, kofi ɗaya da sulusi ke nan. Gishiri giram 10, busasshen yis ƙaramin cokali ɗaya, sukari ƙaramin cokali ɗaya, man zaitun ko man gyaɗa babban cokali ɗaya. Da farko kwaɓin zai riƙa manne wa hannu, to a nan ne mata da yawa suke tsorata su yi ta barbaɗa fulawa har ya koma kamar na cincin. Kada ta ƙara. Ta shafa mai a hannu, ta murza minti goma, ta rufe ya huta. Da kansa zai yi santsi ya yi danƙo.

Idan ya tashi ya ninka girmansa, ta raba uku, ta mulmula kowanne, ta sake rufewa na rabin awa. Wajen faɗaɗawa kuma ta ajiye kwalba da abin murji. Da yatsu ake dannawa daga tsakiya zuwa gefe, a bar bakin da ɗan tudu, domin iskar da yis ya tara a ciki ita ce ke kumbura shi. In ta ja ya koma baya kamar roba, kada ta yi kokawa da shi, ta ba shi minti goma sha biyar.

Sai maganar wuta, kuma ita ce babba. A birnin Napoli na Italiya, mahaifar fiza, tanderun itace yana haura digiri 430, cikin minti ɗaya da rabi an fitar. Sana'ar masu gashin nan har hukumar UNESCO ta sa ta cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2017. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu gurasa a Kano ya ga irin haka: tanderu ya ɗau zafi sosai, a manna kwaɓi a jikinsa, kafin ka ankara ya kumbura ya yi ɗigo-ɗigon ƙuna, cikinsa kuma da laushi. Obin na gida yawanci ba ya wuce digiri 250, don haka ta kai shi ƙarshe. Ta kifa farantin gashi a ciki ya yi rabin awa yana ɗaukar zafi, sannan ta zamar da fizar a kansa. Minti bakwai zuwa goma ya isa. Wadda ta sa a digiri 180 irin na kek ta jira minti ashirin da biyar, busar da ita ta yi.

Mai gabatarwa: Wani magidanci daga Maraɗi ya ce su ba su da obin, sai murhun gas da na gawayi. Ko su haƙura?

Hajiya: Ina! Sau da yawa ma ta kasko ta fi ta obin mai raunin wuta. A samu kaskon ƙarfe mai nauyi da murfin da ya rufe shi ruf. A ɗora ya yi zafi minti biyar, a ɗan goga mai, a shimfiɗa kwaɓin shi kaɗai, amma ya fi na obin siranta. Bayan minti biyu ko uku zai fara ƙulu-ƙulu, ƙasan ya yi ja. A juya shi, a rage wuta sosai, a shafa miyar tumatir a gefen da ya gasu, a zuba cuku, a rufe minti huɗu zuwa biyar. Idan an buɗe, a goge raɓar da ta taru a cikin murfin, in ba haka ba za ta ɗiga ta jiƙa saman. Masu gawayi kuma su kwashi garwashi su ɗora a kan murfin, yadda ake yi wa kek, wuta ta zo ta sama da ƙasa. Abin lura shi ne garwashin sama ya fi na ƙasa yawa, don ƙasa ne ke saurin ƙonewa.

Mai gabatarwa: Ga wata daga Agadas, ta ce mozarela, wato cukun da aka saba sawa a kan fiza, tsada gare shi kuma ba ko'ina ake samu ba. Za ta iya sa cukun gargajiya ko wara?

Hajiya: Za ta iya, amma kada ta sa ran zai narke ya ja zare. Mozarela ana jan sa ne a ruwan zafi lokacin haɗa shi, shi ya ba shi wannan halin. Wara da ake haɗawa da ruwan tumfafiya an riga an dafa madararta, ko an soya ta ba ta narkewa. Cukun gargajiya kuma shanya shi ake yi har ya bushe, babu ruwan da zai narke da shi. Shawarata ta yanka warar ƙanana ta ɗan soya, ta sa a matsayin nama, sannan ta goga mozarela kaɗan a kai. Giram 80 zuwa 100 ya ishi fiza ɗaya. In ya yi laushi ya ƙi goguwa, ta sa shi a firiza minti ashirin.

Mai gabatarwa: Wasiƙu uku kuma sun zo da kuka ɗaya: gefe ya gasu, tsakiya ya jiƙe.

Hajiya: Lodi ne ya yi yawa. Tumatirinmu yana da ruwa, dole a dafa shi da tafarnuwa da gishiri da ɗan mai har ya tsane, cokali ya ja layi a tukunya layin bai rufe ba. A bari ya huce, a shafa babban cokali uku kacal. Albasa da tattasai a yanka su siri-siri. Kaza da niƙaƙƙen nama a dafa su tukuna, don minti takwas ba ya dafa ɗanyen nama, kuma wannan magana ce ta lafiya. Ragowar tsire yana daɗi a kai. Kilishi da ganyen ɗoɗɗoya kuwa sai an sauke ake sawa, wuta tana babbaka su.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga Sakkwato: kwaɓinta wani lokaci ya ƙi tashi, wani lokaci ya yi tsami.

Hajiya: In ya ƙi tashi, ko yis ɗin ya mutu ko ruwan ya yi zafi, don daga digiri 60 yis ba ya rayuwa. Ta gwada shi a ruwa mai ɗumin jiki da ɗan sukari, in minti goma bai yi kumfa ba ta sayi sabo. Tsami kuwa wuce lokaci ne. A zafin bazara na Sakkwato awa ɗaya ma na iya isa, don haka ta kwaɓa da ruwan sanyi, ta duba girmansa maimakon agogo. Da hunturu zai ɗauki awa biyu ko uku, kuma ta rufe shi da leda don kada iska ta busar da samansa ya yi ɓawo. In tana da firij mai tsayayyar wuta, ta rage yis zuwa rabi, ta bar kwaɓin ya kwana a ciki, ta fitar da shi awa ɗaya kafin gashi. Wannan ya fi kowanne ƙamshi da sauƙin faɗaɗawa.

Mai gabatarwa: Madalla Hajiya, Allah ya saka da alheri. Masu sauraro, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.